Tauraron Da Na Liƙa a Motar Tabarau

Jama'a, ku gyara zama, yau laifina zan faɗa. Shekara shida ke nan ina koyar da 'yan aji uku, kuma duk yaron da na kama yana leƙen takardar wani, nakan durƙusa daidai tsayinsa in ce masa, "Abin da ka sani shi za ka rubuta, ko da kaɗan ne." To ni ɗin nan mai wannan wa'azi, ni ce na shirya satar amsa a makon da ya wuce. Kuma jarrabawar ta mahaifina ce.

Saboda waɗanda yau suka fara bina, bari in yi bita. Babana direban manyan motoci ne, ya ajiye aiki bayan shekara talatin da biyu a kan hanya. Idonsa ya ɗan yi rauni, amma kunnensa sai dai a ce masha Allah. Yana zaune a falo kan kujerarsa ta jikin taga, wadda ba mai hawa ko ba ya gida, zai gaya maka tayar baya ta motar da ta wuce tana neman iska. Da wannan kunnen yake tantance masu zuwa wajena. Ba ya tambayar aiki, ba ya tambayar dangi. Mota yake saurara: yadda aka tsayar da ita, yadda aka rufe ƙofarta, yadda injin ke numfashi.

Na farko ya buga ƙofar motarsa da ƙarfi, Baba ya ce, "Haka zai riƙa rufe miki ƙofar ɗaki." Na biyu ya taka totur sau uku kafin ya kashe, don layi ya san ya iso, Baba ya ce mai son a kalle shi ne. Na uku motarsa ba ta da aibi ko ɗaya, Baba ya ce ai ta aro ce. Da aka bincika, ta aron ce.

Umma dai ta gaji. Idan ranta ya ɓaci da Baba, Direba take ce masa.

"Direba, yarinyar nan mutum za ta aura ko inji? 'Ya'yan ƙannena duk sun tafi, ita tana nan tana gyaran littattafai a kan teburin cin abincina."

"Mutum zai zo ya yi mini ladabin minti goma ya tafi," in ji Baba. "Injinsa kuwa bai san ni ne surukin ba."

Sai ga Tabarau. Haka nake kiransa, don gilashin ido yake yankawa a wani shago kusa da makarantarmu. Mun haɗu ne ranar da na raka wata ɗalibata da ba ta ganin allo. Mutum ne mai sanyin magana, kullum da ƙyalle mai laushi a aljihu, komai ya gani sai ya goge. Har wayata ya taɓa gogewa ina tsakiyar ba shi labari. Ina sonsa, jama'a. Na faɗa, na huta.

Matsalar ɗaya ce. Motarsa ƙarama ce mai ruwan toka, tsaf da ita kamar ɗakin gwaji, amma da an tayar da ita sai ka ji kar-kar-kar-kar, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Saboda haka wata uku cur yana ajiye ta layi biyu da gidanmu, bayan shagon mai wanki, ya ƙaraso da ƙafa.

Ranar Laraba, bayan ya tafi, Baba ya kira ni.

"Malama."

"Na'am, Baba."

"Wannan mai zuwa da ƙafa, takalminsa ba ya ƙura. Ki ce ranar Asabar ya zo da motarsa har ƙofar gida."

Na shige ɗaki, na rufe ƙofa a hankali, na ɗauki waya.

Ni: An buga ranar jarrabawa. Asabar. Da mota.

Shi: Innalillahi.

Shi: In zo da ta yayana?

Ni: Ka manta na uku?

Shi: To in gaya masa gaskiya kawai, Malama. Motata na da ciwo, ana neman magani.

Da na bi wannan shawarar, da yau ba ni da abin rubutawa. Amma na tuna fuskar Umma, na tuna mutum uku da suka fita ta ƙofar nan ba su dawo ba, sai na rubuta masa: Juma'a bayan an tashi, ka ɗauke ni mu je gareji.

Makaniken wani dattijo ne mai fensir a bayan kunne. Ya saurari injin, ya ce wani ƙarfe ne a samansa ya gaji, kuma sai an yi odarsa, sati biyu kafin ya iso.

"Baba makanike," na ce, da muryar da nake lallashin yara su sha maganin tsutsa, "babu abin da za a yi ta yi shiru na yini ɗaya?"

Ya dube ni, ya dubi Tabarau, ya yi dariya. "Gaisuwar surukai ce?"

Ya sa hannu gefen injin, ya zare wani ɗan soket baƙi mai waya biyu, ya ce a sake tayarwa. Jama'a, shiru. Motar ta kama numfashi a hankali kamar jaririn da ya ƙoshi.

Bari in bayyana muku yadda ya bayyana mini, don ba na son ɗalibi ya tashi bai gane ba. A cikin inji akwai bawul, wato ƙananan ƙofofi da ke buɗewa iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. Akwai kuma wata na'ura da ke sauya lokacin buɗewarsu: in ana tafiya a hankali lokaci daban, in ana son ƙarfi lokaci daban. Ita ce ta gaji take kukan. Da aka zare soket ɗin sai ta daina aiki gaba ɗaya, injin ya koma bin jadawali ɗaya tun safe har yamma. Kamar a tara 'yan aji ɗaya da 'yan aji shida a ba su darasi guda. Ajin zai yi shiru, amma ba wanda zai ƙaru.

"A shimfiɗaɗɗiyar hanya za ta kai ku," in ji makanike. "Za ta sha mai, za ta yi nauyi. Amma ku ji ni da kyau: kar a loda mata kaya, kar a hau tudu da ita, kar a ce za a wuce wata mota. Kuma jibi a dawo mini da ita in mayar."

"Daga bakin titi zuwa ƙofar gida ne kawai," na ce.

Da muka shiga, sai ga wata 'yar wuta ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kunno a allon gaban direba, tana kallonmu. Tabarau ya zaro ƙyallensa ya goge ta. Ba ta tafi ba.

"Malama, wannan fa tona asiri take yi. Ni dai har yanzu gara gaskiya."

Na buɗe jakata. A aljihun ciki nake ajiye takardar taurarin zinariya, waɗanda nake liƙa wa yaran da suka ci goma bisa goma. Na ɓare ɗaya, na daidaita, na danna shi kan wutar da babban yatsa. Ya rufe ta ɗas, kamar don ita aka yanka shi. Allah ya yafe mini, har wani daɗi na ji.

Ranar Asabar na saka doguwar rigata shuɗiya mai ƙananan furanni a hannu, da farin mayafi da na goge sau biyu. Umma ta sauya labulen falo, ta fito da kofunan shayin da ke cikin kabad tun ina firamare. Ƙarfe huɗu da rabi daidai Baba ya rage muryar rediyo ya lumshe ido.

Motar ta shigo layi sumul. Ta tsaya. Ƙofa ta rufu a hankali, ɗif. Na saci kallon Baba. Na zaci zan ga murmushi, sai na ga ya buɗe ido yana kallon bango kamar wanda aka yi wa albishir da abin da ba ya so.

Tabarau ya shigo da farar riga mai dogon hannu, ya durƙusa ya gaishe su. Aka sha shayi. Baba bai ce komai kan motar ba. Sai da kofuna suka koma kan faranti ya ce, "Yauwa. Tunda ga mota, a kai wa ƙanwata keken ɗinkin nan da ta daɗe tana tambaya."

Keken ɗinkin na ƙarfe ne, irin na da, mai teburinsa, sai mutum biyu suke ɗaga shi. Goggo kuma a unguwar kan tudu take, bayan doguwar gada.

"Ni ma zan je," in ji Umma, har ta ɗauko jaka. "Na kwana biyu ban ga ɗakinta ba."

Aka cusa keken a but, aka ɗaure murfin da igiya. Tabarau ya nufi ƙofar direba, Baba ya ɗaga hannu.

"A'a. Ba ta makullin. Ni na koya mata tuƙi, na san hannunta. Kai zauna gefenta."

Shi kuma ya shiga baya ya zauna a tsakiya, daidai inda zai hango komai ta tsakanin kujeru.

Farkon tafiyar lafiya lau. Na ba da sigina, na fita layi, giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Motar na tafiya, sai dai tafiyar mai azumi. In na taka totur sai ta yi kamar ta ce, "Na ji, bari in yi tunani." Umma na ta yabon sanyin motar da ƙamshinta.

"Wannan tauraron fa?" in ji Baba.

Na riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Kyauta ce, Baba," in ji Tabarau. "Malama ce ta ba motar."

"Wane ƙoƙari ta yi?"

Tabarau ya ce, "Ta daina surutu a aji."

Umma ta fashe da dariya, ta ce yaron nan akwai barkwanci. Baba ya ce, "Uhm."

Sai ga gada. Ban taɓa sanin gadar nan tana da tsawo haka ba. Na taka totur, motar ta yi gurnani, allurar gudu ta fara komawa baya. Na sauko giya ta biyu. Gurnanin ya ƙaru, gudun bai ƙaru ba. A gabana wata tankar ruwa ce ke ja da ƙyar tana ɗiga, na leƙa zan wuce ta, na tuna gargaɗin makanike, na koma layi kamar yarinyar kirki. Can sai na ga tankar tana yi mini nisa. Tankar ruwa, jama'a, cike da ruwa.

A bayana aka fara hon. Wata motar koyon tuƙi, mai jan harafi a goshi, ta fito ta gefena. Matar da ke koyon ta riƙe sitiyari kamar za a ƙwace mata, amma sai da ta samu sararin juyowa ta dube ni da tausayi kafin ta wuce.

"Malama, ba ki ci abinci ba ne?" in ji Umma. "Taka mana!"

"Ina takawa, Umma."

"To ina takun yake zuwa?"

Ƙafata tana manne da ƙasan mota. Na jira Tabarau ya ce in sauya giya, ko ya kai hannu ga sitiyari, ko ya yi tsaki. Motarsa ce fa, a gaban surukai. Bai yi ko ɗaya ba. Ya miƙa hannu a hankali ya kashe na'urar sanyi, ya sauke gilashinsa, motar ta ɗan samu numfashi.

"Me ya sa ka kashe?" in ji Baba.

"Iskar waje ta fi lafiya, Baba."

Iskar wajen hayaƙin tanka ce. Umma ta fara fifita da gefen mayafi.

"Sannu, Malama," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Kina ƙoƙari. Saura kaɗan."

Bayan gada sai tudun Goggo, wanda ya fi gadar mugunta. A nan na koma giya ta ɗaya. Wani tsoho mai keke, da buhu a bayansa, ya jera da mu har muka gaisa. Ya tambayi Baba ya gida, Baba ya tambaye shi ya hanya. Sannan tsohon ya ce, "To sai kun ƙaraso," ya wuce.

Zafi kuma ya yi aikinsa. Gefen tauraron ya fara ɗagowa, hasken ruwan ɗorawa na leƙowa ta ƙarƙashinsa. Na kai yatsa zan danna, na haɗa ido da Baba a madubi. Na mayar da hannuna kan sitiyari.

"Tsaya gindin bishiyar can," ya ce. "Ja birkin hannu. Kashe. Buɗe bonet."

Muka fito duka. Baba bai ma sa gilashinsa ba. Ya tura hannu gefen injin kamar mai ɗauko abu a aljihunsa, ya fito da soket ɗin yana lilo tsakanin yatsunsa.

"Wa ya sa aka zare wannan?"

"Motata ce, Baba," in ji Tabarau, kansa a ƙasa. "Laifin nawa ne."

"Ban tambayi mai mota ba."

Na dubi Tabarau. Farar rigarsa ta jiƙe, ƙyallensa na hannu yana murzawa, kuma na ga alama ya shirya ya sake cewa shi ne. Idan ya faɗa, ya zama na huɗu, kuma a kan laifin da sau biyu yana roƙona kar a yi.

"Ni ce, Baba. Shi ya ce a gaya maka gaskiya, ni na hana. Ni na kai shi gareji. Tauraron ma nawa ne."

"Tauraron ai na gane shi," in ji Baba. "Akwai irinsa a jikin firij ɗinmu."

Umma ta dafa ƙirji. "Ke? Ke da ba kya tsallaka titi sai a kan zane?"

Baba ya mayar da soket ɗin, ya danna har ya yi ƙas. Ya ce a tayar. Na murza makulli. Kar-kar-kar-kar! Wasu tsuntsaye suka tashi daga kan bishiyar. Shi kuwa sai ya lumshe ido, fuskarsa ta saki kamar ya ji muryar tsohon aboki.

"Yauwa. Ga ta nan. Duk Laraba da Asabar, bayan shagon mai wanki."

Tabarau ya ɗago. "Baba, kana ji?"

"Wata uku ina ji. Kuma ina jin abin da kake yi bayan ka tayar. Ba ka taka ta. Kana jira minti guda cur mai ya zagaya, sannan ka ja a hankali. Ko ranar da aka yi ruwa kana sauri, sai da ka jira. Na ce wannan ya san zama da mai ciwo. Na ce ka kawo ta ne don in gaya maka abin da ke damunta, kar wani ya sa ka sauke inji a banza." Ya goge hannunsa da ƙyallen da Tabarau ya miƙa masa. "Da na ji ta shigo shiru ɗazu, raina ya ɓaci. Na ce ashe shi ma ya iya rufe baki."

"Shi ya sa ka tuno da keken ɗinki," in ji Umma.

"Shi ya sa. Sai kuma na ga wani abu a kan gada. Ana ta hon, mai koyo ta wuce mu, yaron nan bai ce wa Malama ko 'sauya giya' ba. Ya rage mata nauyi ya yi shiru. Ni shekara talatin ban iya wannan ba."

"Ni shaida ce," in ji Umma. "Sati biyu ya koya mini tuƙi na ce na yafe."

Baba ya zura hannu ta taga, ya ɓare tauraron. Wutar na nan a kunne, ya ce a bar ta, aikinta take yi, kuma kar a ƙara yin nisa da motar sai kayan sun iso. Ya juyo ya liƙa tauraron a aljihun rigar Tabarau, ya danna da babban yatsa, daidai yadda nake yi.

"Kai ka ci. Ka gaya wa mutanen gidanku ina son ganinsu."

Umma ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah. Ni kuma idona ya cika, na juya kamar ina duba igiyar but. Tabarau ya rasa abin yi, ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ke kuma, Malama."

"Na'am, Baba."

"Yaron da kika kama da satar amsa, me kike yi masa?"

Na sunkuyar da kai. "Nakan sa ya gaya wa iyayensa da bakinsa."

"To ni kin gaya mini. Saura ɗaya gidan. Ranar da za su zo, ke za ki je ki ɗauko mahaifiyarsa a cikin motar nan, ko an gyara ko ba a gyara ba. Kafin ku iso ƙofata ki gaya mata komai, har da tauraron. Gara ta san wadda za ta shigo mata gida."

Na ce to. A raina na ce ai da sauƙi, uwar Tabarau ba za ta wuce Tabarau sanyi ba. Ban taɓa ganinta ba, amma na ƙiyasta wata dattijuwa mai murmushi da ƙyalle a hannu.

Sai na ga fuskar Tabarau ta sauya.

Mun sauke keken a gidan Goggo, mun gangaro tudu da kukanmu, kowa na kallonmu a danja. Yana ajiye mu ya ja, bayan ya jira minti gudansa. Ban gama cire mayafi ba wayata ta yi ƙara.

Shi: Malama, akwai abin da ban gaya miki ba don kar ki tsorata.

Ni: Kana da wata motar?

Shi: A'a. Kan Mama ne. Kin san na ce miki ta yi aikin makaranta.

Ni: Eh, ai shi ya sa hankalina ya kwanta.

Shi: Ba koyarwa ta yi ba. Shekara ashirin da shida tana sa ido a ɗakin jarrabawa. Ta taɓa fitar da ɗan yayarta. Har yau in ta shigo falo muna ɗora hannu kan tebur.

Na daɗe zaune a bakin gado, wayar a cinyata. Daga falo ina jiyo Baba ya ƙara muryar rediyo yana bin waƙar da hanci, abin da ya shekara bai yi ba.

Jama'a, masu ƙwarewa a cikinku su taimaka mini. Wane launin mayafi ake sakawa in za a je amsa laifi?